Tambayi Kawu: Shirin hirar matasa da bai kai shekara biyu ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓa zancen shirye-shiryen hira na matasa a talabijin, na ce yawancinsu ba sa tsawon rai, to ashe na sosa wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi, don saƙonnin da suka shigo a kan wannan magana kaɗai sun fi na sauran batutuwa duka. Na zaɓo biyar, sauran ku yi min afuwa shafin ne ba shi da faɗi. Kamar yadda muka saba na cire sunaye da lambobin waya.

Tambaya: Kawu barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ina karantar aikin jarida a Zariya, aji biyu nake. Ina cikin yawo a YouTube sai na ci karo da wani tsohon bidiyo, Jon Stewart ne wannan na The Daily Show amma yana saurayi, gashi baƙi wuluk ga jaket ɗin fata, yana hira da baƙi yana ta tsalle-tsalle. Wallahi nayi mamaki don ni da furfura da kwat na sanshi. Wane shiri ne wannan, kuma me yasa ba'a jin labarinsa?

Amsa: Ɗana barka dai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da ka gani sunansa The Jon Stewart Show, kuma ba laifinka ba ne da ba ka san shi ba, don duka-duka rayuwarsa wata 20 ce, ya fara a Oktoban 1993 ya mutu a Yunin 1995, ba a ma haife ka ba.

Sai na ɗan koma da kai baya kafin ka gane yadda aka yi. A Amurka akwai al'adar shirin hirar dare, bayan labaran ƙarfe 11 sai mai gabatarwa ya fito cikin kwat ya yi barkwanci na 'yan mintuna, ya koma bayan tebur ya zauna, a shigo masa da baƙi ɗaya bayan ɗaya, a rufe da mawaƙi. Johnny Carson shi ne sarkin wannan fage, shekara 30 ya yi yana riƙe da The Tonight Show a tashar NBC, daga 1962 har 1992. Da ya sauka sai aka shiga rububin gado, Jay Leno ya samu kujerar, shi kuma David Letterman da mutane da yawa suke ganin shi ne magaji sai ya tattara nasa-ya-nasa ya koma tashar CBS a Agustan 1993. To kujerar da Letterman ya bari a NBC, ta ƙarfe 12 da rabi na dare, ita ma aka shiga neman wanda zai hau ta, Jon Stewart yana cikin waɗanda aka duba har ya kai zagayen ƙarshe, amma sai aka ba wani marubucin barkwanci da kusan ba wanda ya san fuskarsa a lokacin, Conan O'Brien. Ka riƙe wannan suna zan dawo kansa a ƙasa.

Ita kuma MTV tun 1981 aka buɗe ta, a lokacin tashar kebul ce ta bidiyon waƙoƙi, masu kallonta 'yan sakandare ne da 'yan jami'a da waɗanda ba su daɗe da gamawa ba. Stewart ya taɓa yi musu wani ɗan shiri inda masu kallo ke aiko da labaransu a mayar da su wasan kwaikwayo, bai yi nisa ba aka tsayar, amma sun ga yaron yana da baki. Sai suka ba shi shirin hira na minti 30, na farko irinsa a tashar, yana ɗan shekara 30. Ba kwat ba tsare gida, jaket ɗin nan da ka gani da wandon jins, magana da sauri-sauri irin ta samari a majalisa, ga wani ɗan rakiya mai suna Howard Feller da yake zama a gefe, sannan mawaƙan da yake gayyata irin waɗanda manyan tashoshi suke ɗari-ɗari da su ne a lokacin, masu rap da masu kiɗan jita mai ƙara. Matasa suka karɓe shi hannu bibbiyu, har ya zama na biyu a yawan masu kallo a MTV, zanen barkwancin nan Beavis and Butt-Head ne kawai a gabansa.

To a daidai wannan lokacin akwai wani shirin dare da yake shure-shuren mutuwa, wato na Arsenio Hall. In ka taɓa kallon Coming to America na Eddie Murphy, na 1988, shi ne Semmi abokin yarima. Arsenio ya fara shirinsa a Janairun 1989, baƙar fata a fagen da farare suka mamaye, kuma shi ya jawo matasa da mawaƙan rap cikin hirar dare da gaske, a shirinsa ne ma Bill Clinton ya zo da baƙin gilashi ya busa saksofon a 1992 lokacin yana neman shugabancin ƙasa. Sai dai shirin nasa ba na wata babbar tasha guda ba ne, kamfanin Paramount ne yake shirya shi sannan ya bi tashoshi gari-gari yana sayar musu kamar dillali, kowace tasha kuma ita ke da ikon sa shi a lokacin da ta ga dama. Da yawa cikin tashoshin nan 'yan gidan CBS ne, to da Letterman ya dawo CBS sai suka ba shi lokaci mai kyau suka ture Arsenio can cikin dare, wasu ma suka ajiye shi gaba ɗaya, masu kallo suka ragu, a Mayun 1994 ya rufe.

A shekarar ce kuma Viacom, uwar kamfanin MTV, ta sayi Paramount, ka ga an zama gida ɗaya kenan. Ga gurbi a buɗe ga yaro a MTV matasa na sonsa, lissafin a takarda ya yi daidai. Satumban 1994 aka ciro shirin daga MTV, aka ja shi ya koma awa guda, aka shiga sayar da shi tasha-tasha a madadin na Arsenio.

Ni a ganina ranar nan aka kashe shi, sauran wata taran jinya ce kawai. Kango ya gada, don a garuruwa da yawa an riga an tura Arsenio wajen ƙarfe 2 na dare, shi ma nan aka ajiye shi. Ka duba fa, ɗalibi mai lacca ƙarfe 8 na safe zai zauna har 2 yana jiran hira? Ba ma wannan ba, a MTV yaro ya san inda zai same shi, tashar ce dama yake kunnawa da ya shigo ɗaki, yanzu kuwa a wannan gari yana tasha kaza ƙarfe kaza, a wancan gari wata tashar daban wani lokacin daban, babu intanet ɗin da za ka bi ka nemo abin da ya wuce ka. Kuma ma'aunin ya canza, adadin masu kallon da a tashar kebul ake tafa maka a kansa, a babbar kasuwa inda ake auna ka da Leno da Letterman ba a bakin komai yake ba. Kifi a ruwa sarki ne, su kuma suka ɗebo shi suka kai tudu suna mamakin me ya sa ba ya iyo.

A shirin ƙarshe a Yunin 1995 Letterman da kansa ya zo a matsayin baƙo, mutumin da ba kasafai yake zuwa shirin wasu ba, kuma a nan ya gaya masa maganar da har yau ake tunawa, ma'anarta dai kada ya ɗauka cewa don an soke shirinsa shi ya gaza, abu biyu ne daban. In ka nemi wannan bidiyon ka kalla, ka lura da fuskar Stewart lokacin da yake jin maganar.

Tambaya: Kawu ina wuni. Daga Maraɗi nake rubutowa. Abin da ban gane ba, kullum ana cewa masu talla matasa suke nema, to in haka ne ai shirin matasa ne ya kamata ya fi kowanne daɗewa, ya aka yi shi ne mai saurin mutuwa?

Amsa: Lafiya lau ƙanena, a gaida mutanen Maraɗi. Gaskiyarka, a Amurka kamfanin Nielsen ne yake ƙididdigar masu kallo, kuma 'yan talla sun fi biyan kuɗi a kan 'yan shekara 18 zuwa 49, musamman na ƙasa-ƙasa, don suna ganin su ne ba su riga sun kafe a kan sabulu ɗaya ko lemo ɗaya ba. To ai wannan tsadar tasu ita ce matsalar. Sun yi tsada ne saboda wuyar kamawa, dattijo yana gida bayan isha ya miƙe ƙafa, tashar da ya saba ita zai kunna shekara 20, saurayi kuwa yau yana majalisa gobe gidan kallon ƙwallo jibi wajen budurwa. Sannan shi matashi girma yake yi, wanda ya so ka yana ɗan 19, kafin shekara huɗu ya kama aiki ko ya yi aure, ƙannensa da suka taso kuma ba sa son abin da yayansu ya so, sabon nasu suke nema. Ka ga mai shirin matasa kullum cikin neman sabbin masu kallo yake, kamar mai ɗiban ruwa a kwando.

Ga kuma rashin haƙurin masu tasha, wanda ni shi na fi ba laifi. A wannan shekarar ta 1993 tashar Fox ta ba Chevy Chase, babban ɗan fim a lokacin, shirin hirar dare a Satumba, bai cika wata biyu ba suka soke shi, shi kam an taru an ce shirin bai yi kyau ba. Amma dubi Conan O'Brien da na ambata a sama, shi ma farkonsa 'yan jarida sun yi masa kaca-kaca, tashar NBC ta riƙa sabunta masa kwantiragi sati 13 sati 13 kamar mai zaman haya da ake shirin kora, sai dai ba su kore shi ba kuma ba su ɗaga shi daga lokacinsa ba, a hankali 'yan jami'a suka gano shi suka riƙe, ya zauna a wannan kujera har 2009. Da an yi masa irin ta Stewart da yanzu ba wanda ya san sunansa.

Kuma har yanzu ba a daina wannan kuskuren ba. Lilly Singh ta tara miliyoyin mabiya a YouTube, a 2019 NBC ta ba ta shirin hira ƙarfe 1 da minti 35 na dare, a 2021 aka rufe. Masoyanta a waya suke, da rana tsaka suke kallonta, wa zai bar waya ya je ya zauna gaban akwati a wannan tsohon daren.

Tambaya: Kawu a taƙaice, shin Trevor Noah ɗan Afirka ta Kudu yaron Jon Stewart ne? Gardama muke a zango a Kumasi.

Amsa: Ba ɗansa ba ne na jini in abin da ake gardama kenan, magajinsa ne a aiki. Stewart ya karɓi The Daily Show, shirin barkwanci a kan labarai, a tashar Comedy Central a Janairun 1999 daga hannun Craig Kilborn, ya riƙe har Agustan 2015, sai Noah ya hau a Satumban wannan shekarar ya sauka a Disamban 2022, a Fabrairun 2024 kuma Stewart ya dawo yana yin ranar Litinin. Abin da zan ƙara muku a kai don gardamar ta yi daɗi, mata biyun da suka ƙirƙiro The Daily Show a 1996, Madeleine Smithberg da Lizz Winstead, dukansu sun yi aiki a wancan ɗan shirin na Stewart da aka soke. Wato shirin wata 20 ɗin nan shi ya haɗa mutanen da suka gina gidan da daga baya Stewart ya shiga, Noah kuma ya gada.

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa. Ni magidanci ne a Katsina, 'ya'yana bakwai. Na ga kana ta jimamin mutuwar shirye-shiryen Turawa kamar an yi asara. Ita MTV ɗin nan ba ita ce ta raye-raye da tsiraici ba? Ni in irin waɗannan sun mutu ai hamdala nake yi, kuma ban ga dalilin da za a ce sai an tara yara maza da mata a gaban kyamara suna surutu ba.

Amsa: Alhaji Allah ya ƙara girma, Allah ya shirya mana zuri'a. Ban ƙi maganarka ba, akwai abubuwa da yawa a MTV da ni ma ba zan kunna a falona ba, kuma a cikin baƙin da Stewart ya gayyata akwai waɗanda ko sunansu ba na so yarana su nema. Al'adarsu daban tamu daban, ban taɓa cewa a kwaso ta a jibge mana ba.

Abin da nake so ka duba shi ne ɗaya. A Nuwamban 1991 Magic Johnson, tauraron ƙwallon kwando, ya fito ya ce yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, washegari shirin Arsenio Hall ya je ya zauna ya yi wa matasa magana a kan cutar, lokacin da iyaye da yawa ko ambatonta ba sa iya yi a gaban 'ya'yansu. Ya zaɓi can ne saboda can yaran suke saurare. Mu ma nan muna da maganganun da yaranmu suke fama da su a ciki, shaye-shaye, zaman kashe wando bayan an gama bautar ƙasa, tsadar lefe, faɗuwa jarrabawa sau uku, in uba ya tambaya sai su sunkuyar da kai saboda kunya da ladabi, amma a tsakaninsu suna faɗa. In babu filin da za su faɗa a gaban babba mai hankali da zai gyara musu, wallahi ba shiru za su yi ba Alhaji, TikTok za su kai ta, inda ba furodusa ba mai tacewa ba wanda zai ce kai bari. Zancen cakuɗuwa kuwa tsari ne, ana iya yin na mata zalla, ana iya raba zama, ana iya sa malami ko malama a ciki, duk na ga an yi. Ina roƙonka wata rana ka ce babbar 'yarka ta nuna maka abin da take kallo a waya, ku kalla tare, kada ka yi faɗa a ranar ko da ka ga abin faɗa.

Tambaya: Kawu ina gaisuwa. Ni da ƙawayena uku a Kano muna so mu fara shirin hira na 'yan mata, mu tattauna karatu da sana'a da zamantakewa, iyayenmu duk sun amince. Mun tara ɗan kuɗi a adashe. Wata tace mu je gidan talabijin mu sayi fili don mutane su ɗauke mu da muhimmanci, ni kuma nace mu fara a YouTube. Amma da na karanta abin da ka rubuta sai jikina yayi sanyi, in manya da kuɗinsu shirinsu ya mutu mu ina zamu kai?

Amsa: 'Yata kada jikinki ya yi sanyi, zauna ki ji. Wannan tambayar ta taɓa ni don na taɓa shiga irin wannan jirgin.

Shekarun baya ina mataimakin furodusa a wata tasha, ba zan faɗi sunanta ba, muka fara shirin matasa ranar Alhamis ƙarfe 8 da rabi na dare, an idar da isha kowa ya dawo gida. Kujerun roba shida muke jerawa a situdiyo, kyamara ɗaya, in an yi sa'a biyu, da wayar tebur guda da ake bugowa. Wani ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyin kwata ta farko, wato sati 13, don a haka ake sayar da fili a tashoshinmu. Ba na mantawa da wani dare da muka gayyato wani yaro mai faci, ya zo da rigarsa ta sallah a goge amma baƙin taya bai fita daga farcensa ba, sai ɓoye hannun yake a tsakanin cinyoyinsa. Da aka tambaye shi sai ya ce kullum yana zuba adashe ne don ya sake zana jarrabawa karo na uku, Ingilishi ke kayar da shi, kuma da fitilar mai shayi yake karatu in kasuwa ta lafa. Ai kuwa wayar nan ba ta huta ba har muka sauka, wani malamin makaranta ya bugo ya ce a turo masa shi zai koya masa kyauta, washegari da safe na tarar da samari kusan goma a bakin get kowa yana so a sa shi a shirin.

Da kwata ta ƙare sai wani mai kuɗi ya zo ya sayi wannan lokacin namu, aka kira mu ofis aka ce an mayar da mu Asabar ƙarfe 4 na yamma. Asabar da la'asar fa 'yata, samari duk suna gidan kallon ƙwallo, 'yan mata suna Islamiyya ko gidan biki, unguwanni da yawa ma babu wuta a lokacin kuma ba mai tada janareta da rana. Muna zaune a situdiyo mai gabatarwa yana ta maimaita lambar waya, wayar tana kan tebur shiru, har na ɗaga na kara a kunne in ji ko layin ne ya lalace, lafiyarsa ƙalau. Mai ɗaukar nauyi ya ga ba a zancen shirin a gari ya janye, a sati na 26 muka rufe. Shi ya sa da na karanta tarihin Jon Stewart ban sha wahalar gane shi ba.

To shawarata ku fara a YouTube, kuma ba don rowar kuɗi ba. Kuɗin adashenku in kun kai tasha, fili na 'yan makonni zai saya muku, kuma ba ku da ikon cewa komai ranar da aka ɗaga ku. A waya kuwa ba mai ɗaga ku, wadda ba ta gani yau ba za ta gani jibi in ta sa data. Ki duba Bassem Youssef na Masar, likitan tiyatar zuciya ne, a Maris 2011 ya fara ɗaukar gajerun bidiyo a ɗakin wanki na gidansa, tebur ɗaya kujera ɗaya kyamara ɗaya, yana sawa a YouTube, cikin 'yan watanni ya samu miliyoyin kallo, tashar ONTV da kanta ta neme shi aka fara Al-Bernameg. Har Jon Stewart ya je Alƙahira ya shiga shirin a Yunin 2013. Shi ma Youssef nasa shirin bai daɗe ba, amma ba rashin masu kallo ya kashe shi ba, siyasa ce, an kai shi gaban masu gabatar da ƙara a zamanin Shugaba Mursi bisa zargin cin mutuncin shugaba da addini aka ba da belinsa, bayan an sauke Mursi tashar CBC da shirin ya koma ta dakatar da shi, a Yunin 2014 ya sanar cewa ya daina. Ku ba barkwancin siyasa za ku yi ba, kuma ban ba ku shawarar ku yi ba, abin da nake nuna miki shi ne ya tara jama'arsa tukuna, da tasha ta zo ita ce mai nema. In Allah ya ɗaukaka ku wata tasha irin Arewa24 ko ta jiha ta neme ku, ku sa a rubuta rana da lokaci a takarda, kuma ku riƙe ikon ci gaba da sawa a shafinku.

Kuɗin kuma ku fara sayen makirufo mai kyau kafin komai, irin ƙananan nan da ake maƙalawa a wuyan hijabi, mutum zai jure hoto mai duhu amma ba zai jure sautin da fanka da kukan akuya suka cinye ba. Kada ku wuce minti 20 a farko saboda data tsada take, ku ɗauki shiri huɗu ko biyar ku ajiye kafin ku saki na farko, don ranar da ɗaya ta tafi biki ɗaya tana jarrabawa kada a ji ku shiru. Ku zaɓi rana ɗaya ku kafe a kanta. Baƙi kuma kada ku ce sai 'yan fim ko masu mabiya, mai kitso ta layinku da take biya wa ƙannenta kuɗin makaranta tana da labarin da ya fi nasu, ku dai tambaye ta sannan ku yi shiru ku bar ta ta gama magana, wannan shi ne abin da masu gabatarwa da yawa suka kasa. Duk wadda za ku ɗauka ku tabbata ta yarda kuma gidansu sun sani, don bidiyo in ya fita ba ya dawowa. Sannan tun yanzu ku huɗun ku rubuta wa ke riƙe da shafin, da yadda za a raba in kuɗi ya fara shigowa, da abin da za a yi in ɗaya ta yi aure ta bar gari, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na ƙarshe, ku adana komai a wuri biyu. Mu kaset muke amfani da shi a lokacin, kuma kaset ɗin kaɗan ne a tashar, da shirinmu ya tsaya sai aka riƙa ɗaukar wasu shirye-shirye a kai. Bayan shekaru yaron nan mai faci ya neme ni, ya ci jarrabawar har ya zama malamin firamare, yana so ya nuna wa matarsa ranar da ya fito a talabijin, na shiga ɗakin ajiya na duba kaset ɗaya bayan ɗaya, na samu mai ɗauke da rubutun hannuna a jiki, da muka kunna sai ga taron bikin wani babban mutum. Ban san abin da zan ce masa ba.

In kun ɗauki na farko ku turo min ta adireshin mujalla, zan kalla daga farko har ƙarshe in gaya muku inda sauti ya lalace da inda kuka katse baƙuwa, ki gaida ƙawayen naki da su Hajiya.